Rokar da Ta Je Sama Ta Dawo: Abin da Na Gani a Texas

Duk wanda ya tashi daga Dutse da niyyar zuwa Houston, sai ya bi ta Wudil ya shiga Kano, daga nan jirgi ya yi ta yada zango da shi har ya sauke shi a filin jirgin sama na George Bush da ke arewacin birnin. Ni zumunci ne ya kai ni, wajen ɗan yayana da ke karatun injiniya a can. Na tarar da gari shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba dutse, ga zafi mai jiƙa riga saboda kusancin teku. Arzikinsa man fetur ne da manyan asibitoci da tashar jiragen ruwa. 'Yan Najeriya sun yi yawa a cikinsa, har baƙo ba ya rasa inda zai ci tsire ko dafa-duka a unguwannin kudu maso yamma. Ranar Juma'a muka yi salla a tsakiyar gari, a wani tsohon ginin banki da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas ɗin nan da ya yi fice a ƙwallon kwando, ya saya ya mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa yana kudu maso gabashin birnin, inda hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, take da cibiyarta ta Johnson, wadda ke horar da 'yan sama jannati, take kuma magana da su idan suna sama. A gefenta akwai cibiyar masu ziyara mai suna Space Center Houston. Kowa na iya zuwa ya sayi tikiti ya shiga. A can na sa yatsa na taɓa ɗan gutsuren dutsen da aka ɗebo daga duniyar wata. Na ga rokar Saturn V kwance cikin wani dogon ɗaki da aka gina domin ita kaɗai, tsawonta mita 111, irin wadda ta riƙa kai mutane wata daga 1969 zuwa 1972. A hanyar zuwa ɗakin ma akwai shanun Texas masu dogayen ƙaho suna kiwo cikin shinge, a harabar hukumar. Duk waɗannan abubuwan mamaki ne, amma aikin gwamnati ne mai taskar kuɗi, kuma mun daɗe muna jin labarinsu a rediyo.

Inda na daɗe a tsaye shi ne filin waje, wurin da aka ajiye gindin wata roka ta kamfanin SpaceX, samfurin Falcon 9. Gindin roka shi ne ɓangaren da ke ɗauke da manyan injuna, shi ke cira sauran daga ƙasa. An ɗora shi a kwance bisa ƙarafa, sama da kan mutum, yadda za ka bi ta ƙarƙashinsa kana ɗaga kai. Tsawonsa ya kusa mita 48, kaurinsa mita 3.7. Ba a wanke shi ba, ba a sake masa fenti ba. Farin jikinsa ya dishe da baƙin hayaƙin kananzir, wani wuri ya yi duhu, wani wuri ya yi zane-zane inda wuta ta lasa. A ƙarshensa bakunan injuna tara ne, takwas a kewaye, ɗaya a tsakiya. A can gaba akwai wasu ƙananan fikafikai masu raga da yake sarrafa kansa da su in yana gangarowa, ga kuma ƙafafu huɗu da yake miƙewa ya dira a kansu. Yara 'yan makaranta suna ta wucewa ta ƙarƙashinsa, malamarsu na nuna musu ƙunar tana yi musu bayani.

Ɗan yayana ya dube ni ya ce, "Baffa, ka san wannan ya taɓa ɗaukar kayan Najeriya?"

Na ce, "Wane kaya kuma, ɗana?"

Ya ce, "Tauraron ɗan'adam, Baffa. Na ɗalibai."

Haka kuwa abin yake. Ranar 3 ga Yuni, 2017, wannan gindin roka ya tashi daga Florida da kumbon Dragon mai kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Cikin kayan akwai ƙananan taurari biyar da ɗalibai suka haɗa a wata jami'ar fasaha ta Kyushu a Japan: na Japan, da Ghana, da Mongoliya, da Bangladesh, da Najeriya. Namu shi ne NigeriaEduSat-1, aikin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ɗan akwati mai santimita 10 kowane gefe, nauyinsa kamar kilo ɗaya. Da gindin ya gama aikinsa sai ya juyo, ya sake kunna wuta, ya sauka a tsaye bisa ƙafafunsa a Cape Canaveral. A watan Disamba na wannan shekara aka sake cika shi da mai, ya sake tafiya, ya sake dawowa. Gani ya kori ji.

Wanda ya ga wannan ƙarfe yau zai ɗauka masu shi da sa'a suka fara. Tarihinsu bai ce haka ba, kuma tarihin nan shi ya fi burge ni.

Kafin SpaceX mutane da dama sun gwada wannan sana'a sun sha ƙasa. Wani kamfanin Jamus mai suna OTRAG ya harba rokoki a ƙasar Zaire a 1977, daga baya ya koma Libiya, bai taɓa kai komai falaki ba. A nan Texas, a 1982, wani kamfanin Houston ya harba roka mai suna Conestoga daga tsibirin Matagorda, ta taɓa sama ta faɗo teku kamar yadda aka tsara, amma kasuwar ba ta ɗore ba. Wani attajirin banki, Andrew Beal, ya zuba dukiya mai yawa wajen ƙera manyan injuna, ya rufe kamfaninsa a 2000 ba tare da ya harba ko guda ba. Saboda haka lokacin da Elon Musk, haifaffen Pretoria a Afirka ta Kudu, ya kafa SpaceX a 2002, masana harkar kallon wani attajiri mai neman asara suka yi masa. Ya riga ya je Mosko neman sayen tsofaffin makamai masu linzami ya mayar da su rokoki, aka tsuga masa kuɗi, ya dawo ya ce zai ƙera tasa. Ya sa kusan dala miliyan 100 daga abin da ya samu a cinikin kamfanin PayPal. Ya ɗauko Tom Mueller, ɗan mai saran katako daga jihar Idaho, injiniyan da ke haɗa injin roka a gida don sha'awa bayan ya tashi daga aiki. Ya ɗauko Gwynne Shotwell ta riƙa neman masu saye tun babu abin sayarwa. Ya ɗauko Hans Koenigsmann, Bajamushe, ya kula da na'urorin da ke tuƙa rokar. Suka fara a wani ɗakin ajiyar kaya a El Segundo, jihar Kalifoniya.

Rokarsu ta farko ita ce Falcon 1, mai tsawon kusan mita 21, inji ɗaya a gindi mai suna Merlin. Abincinsa kananzir ne tatacce da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Sun so su harba ta daga sansanin Vandenberg na Kalifoniya, amma aka yi ta ɗaga musu lokaci saboda wata babbar rokar soja da ke jiran tashi a kusa. Suka kwashe komatsansu zuwa tsakiyar tekun Fasifik, wani ɗan tsibiri mai suna Omelek a ƙasar Tsibiran Marshall. Faɗinsa bai wuce hekta uku da 'yan kai ba. Akwai magidancin da gonarsa a Kiyawa ko Jahun ta fi shi. A nan matasan injiniyoyi suka zuba kankare da hannunsu, suka ja wayoyi, suka sha zafi da iskar gishiri. Ruwan oksijin da suke kawowa daga nesa yakan tsere ya koma iska tun kafin a yi amfani da shi, har ya taɓa sa aka fasa harbi.

Ranar 24 ga Maris, 2006, aka yi harbin farko. Rokar ta tashi, wuta ta kama kusa da injin, cikin kusan rabin minti ya mutu, ta faɗo gab da inda ta tashi. Tauraron da ta ɗauka na ɗaliban makarantar sojan sama ta Amurka ne. Ya faso rufin wani ɗakin aiki a tsibirin ya faɗo ciki. Ma'aikatan suka bi gaɓar teku suna tsintar tarkacen aikin shekara huɗu. Da farko an ɗora laifin a kan wani ma'aikaci, aka ce bai ɗaure wani noti daidai ba. Da aka zauna aka yi bincike na tsanaki, sai aka gano notin na alminiyam ne, iskar teku ce ta cinye shi ya tsage, mai ya zubo. Binciken ya wanke mutumin, aka canza notin zuwa ƙarfen da ba ya tsatsa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Da an tsaya a kan neman wanda za a kora, da notin yana nan, da roka ta biyu ma ta kama wuta a wuri guda.

Harbi na biyu ya zo a Maris 2007. Wannan karon ta yi nisa, ta kai kusan kilomita 290 sama, sai ruwan oksijin da ke tankin ɓangare na biyu ya fara kaɗawa yana dukan bango, rokar ta shiga juyi, injin ya rasa abinci ya mutu kafin ta kai gudun da ake buƙata. Domin zuwa sama daban, zama a falaki daban: sai abu ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa kafin ya riƙa kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba. Suka sa shingaye cikin tankin don su tare kaɗawar.

Na uku shi ya fi ciwo. A farkon Agusta 2008 suka harba da sabon injin da aka inganta, da taurarin gwamnati uku a kai. Komai ya tafi daidai har lokacin rabuwa. Gindin ya saki ɓangare na biyu, amma ɗan sauran man da ya rage a sabon injin ya ba shi ƙaramin turi, ya bi bayan ɗan'uwansa ya buge shi. Turin ƙanƙane ne, har gwajin da aka yi a ƙasa bai nuna shi ba, sai a sama inda babu iskar da za ta danne shi. Maganin bai wuce a ƙara 'yan daƙiƙu tsakanin kashe inji da rabuwa ba. Sai dai kuɗi sun kusa ƙarewa, tattalin arzikin duniya na rugujewa a wannan shekara, kamfanin motocin Tesla na Musk shi ma yana tangal-tangal. Kayan roka ɗaya suka rage a masana'anta.

Suka haɗa ta cikin gaggawa. Jirgin ruwa zai ɗauki makonni, don haka suka yi hayar babban jirgin sojan sama, C-17, ya ɗauki gindin. Yayin da jirgin ke gangarowa zai sauka a Hawaii, nauyin iskar waje ya fi na cikin tanki, jikin rokar ya fara lotsewa yana ƙara a gaban idon masu ita. Wani injiniya ya kutsa ciki ya buɗe mata hanyar shan iska. A Omelek suka kwance ta, suka gyara abin da ya lanƙwashe, suka sake ɗaurewa cikin kusan mako guda, aikin da a masana'anta zai ci makonni. Ranar 28 ga Satumba, 2008, ƙasa da wata biyu bayan faɗuwa ta uku, Falcon 1 ta kai falaki ɗauke da wani dunƙulen ƙarfe mai kilo 165, domin ba wanda zai sake ba su tauraro na gaske. Ita ce roka ta farko mai amfani da mai na ruwa da kamfani mai zaman kansa ya ƙera ta kai wannan matsayi. Musk da kansa ya sha faɗa cewa da wannan ta faɗi, da kamfanin ya mutu. A Yuli 2009 harbi na biyar ya kai tauraron RazakSAT na ƙasar Maleshiya, kaya na farko na mai biya da suka isar lafiya.

Akwai hannun gwamnati a wannan labari, kuma yadda ta sa hannun abin koyi ne. A Agusta 2006, wata biyar kacal bayan faɗuwar farko, NASA ta zaɓi SpaceX a yarjejeniyar dala miliyan 278 don ƙera rokar kai kaya. Ba ta zube kuɗin gaba ɗaya ba. An raba aikin mataki-mataki, in ka cika mataki a gwada a gani, sannan a biya ka. Ɗaya kamfanin da aka zaɓa tare da su, Rocketplane Kistler, ya kasa cika sharuɗɗa, aka soke tasa yarjejeniyar a 2007, aka ba wani. A Disamba 2008 kuma NASA ta ba SpaceX kwangilar dala biliyan 1.6 ta kai kaya sau 12. Wannan kwangila ce ta tsamo su daga bakin rami.

Da na nuna sha'awar ganin inda ake gwada injunan, sai muka kama hanyar arewa zuwa wani ƙaramin gari, McGregor, kusa da birnin Waco. Ƙasar noma ce da kiwo, gonaki da shanu iya ganinka. Filin gwajin a da masana'antar bama-bamai ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya Beal ya yi amfani da shi, SpaceX ta gaji wurin a 2003 da abin da ya bari. Baƙo ba ya shiga, daga bakin hanya muka tsaya. Muna nan sai muka ji wani ruri mai nauyi ya taso daga nesa, ba ya tashi ba ya sauka, har kana jin sa a ƙirji da tafin ƙafa, sannan ya yanke lokaci guda. Wani mutum da ke zuba mai a motarsa ko waiwaye bai yi ba. Duk injin Merlin sai an kawo shi nan an kunna shi an auna kafin a yarda ya tashi. A nan ne kuma, a 2012 da 2013, suka riƙa koya wa wata rokar gwaji mai suna Grasshopper tashi da sauka, daga 'yan mitoci har ta kai mita 744.

Ko bayan haka faɗuwa ba ta rabu da su ba. Sun yi ta fasa gindin rokoki a teku suna neman dabarar sauka. A Yuni 2015 wata Falcon 9 ta tarwatse da kayan NASA. Wata shida bayan nan, ranar 21 ga Disamba, gindin farko ya sauka lafiya a tsaye. A Satumba 2016 wata ta ƙone a dandalin harbi tare da tauraron AMOS-6, wanda Facebook ya yi niyyar kawo intanet Afirka da shi. A Mayu 2020 suka kai 'yan sama jannati biyu, Bob Behnken da Doug Hurley, tashar sama. A Janairu 2023 intanet ɗinsu na Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Ba duk abin da Musk ke faɗa a yau nake goyon baya ba. Waɗanda nake jinjina wa su ne masu walda da masu haɗa waya da matasan injiniyoyin da suka tsinci tarkace a Omelek, suka koma bakin aiki washegari.

Abin da na yaba wa mutanen can shi ne yadda suke ɗaukar kuskuren aiki. Suna bin sa har su kai ga notin da ya jawo shi, su rubuta, su gyara, su sake gwadawa da wuri tun zafin bai huce ba. Ba sa ɓoye ƙunar, a fili suke ajiye ta yara su gani. Mu ma mun taɓa shiga irin wannan hali. A Nuwamba 2008, makonni kaɗan bayan nasarar Falcon 1, tauraronmu na sadarwa NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a 2007, ya mutu saboda matsalar faifan hasken rana. Aka yi ta ba'a a gari. An maye gurbinsa a Disamba 2011, amma mutum nawa ne cikinmu aka zaunar aka yi wa bayanin abin da ya lalace da abin da aka koya? A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, jaridun duniya suka ɗauka. Irinsa suna da yawa a garejin kanikawa da rumfunan masu walda daga Dutse zuwa Birnin Kudu. Abin da suka fi rasa shi ne mai biya musu gwaji na biyu idan na farko ya ƙi.

Jigawa ba baƙuwar hangen nesa ba ce. Zamanin Gwamna Saminu Turaki tana cikin jihohin farko da suka rungumi intanet da koyar da kwamfuta, aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure. Yau muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da kwalejin fasaha ta jiha, da makarantun sakandaren kimiyya irin na Kafin Hausa da na 'yan mata a Jahun. Ba roka nake cewa mu ƙera gobe ba. Muna da namu manyan ayyuka: famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana wanda zai jure ƙurar hunturu, injin sussukar shinkafa da na tace riɗi, na'urar busar da dabino, da abin da zai faɗakar da mutanen bakin kogin Haɗeja tun ambaliya ba ta iso ba. Kowanne cikinsu sai ya lalace sau da yawa a hannun mai ƙera shi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Da koyo akan iya.

Saboda haka kirana ga gwamnatin jiha da masu hannu da shuni shi ne su ware kuɗin gwaji, su biya mataki-mataki, wanda ya cika a ƙara masa, wanda ya yi wasa a karɓe a ba wani. Malaman jami'a da na kwaleji su sa ɗalibi ya rubuta dalilin da aikinsa ya ƙi, su ba shi maki a kan wannan rubutu, su haɗa shi da masu walda da kanikawan gari waɗanda suka san halin ƙarfe. Iyaye kuma, idan yaro ya kwance rediyo ya kasa mayarwa, a tambaye shi abin da ya gano a ciki kafin a yi masa faɗa. Kamfanin da ya fi kowa harba roka a duniya yau sau uku ya faɗi a jere, kuma ɗaliban Akure sun riga sun nuna cewa hannun ɗan Najeriya na iya haɗa abin da zai kewaya duniya. 'Ya'yan Jigawa ba su gaza su ba. A ba su wurin aiki da kayan aiki da damar sake gwadawa. Allah ya yi mana jagora.